Obamacare: Me Ya Sa Amurkawa Suka Ƙi Dokar, Daga Baya Suka Hana a Soke Ta?

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa dokar lafiya ta Obama ta sa mutum kusan miliyan 20 sun samu inshora, amma kuma na karanta cewa shekara da shekaru yawancin Amurkawa ba sa son ta. Yanzu kuma an ce suna so. Dokar ce ta canza, ko mutanen, ko masu ƙuri'ar jin ra'ayi ne ke wasa da hankalinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, duk abubuwan da ka ji gaskiya ne, kuma masu ƙuri'ar ba su yi maka ƙarya ba. A 2010, shekarar da Barack Obama ya sa wa dokar hannu, kashi 16 cikin ɗari na mazauna Amurka ba su da inshorar lafiya, mutum miliyan 48 da ɗoriya ke nan. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 9, wajen miliyan 28. A cikin waɗannan shekarun gidauniyar Kaiser, wadda yanzu ake kira KFF, tana tambayar jama'a kusan kowane wata, kuma a mafi yawan watannin masu ƙin dokar sun fi masu son ta yawa. A Yulin 2014, lokacin da miliyoyi suka riga suka shiga, masu ƙi sun kai kashi 53. Sai a 2017 abin ya juya, kuma a 'yan shekarun nan masu so sun haura kashi 60.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, idan aka tambayi mutum "kana son wannan doka?" ba tasirin dokar ake aunawa ba. Abu biyu ake aunawa: ɓangaren da yake bi a siyasa, da abin da idonsa ya gani. Ita kuwa wannan doka, amfaninta ya iso ga mutane a hankali, da sunaye daban-daban, ta hannun kamfanoni da jihohi. Cutarwarta kuma ta iso cikin wasiƙa, da sunan mutum a jiki.

Sai ka san yadda Ba'amurke yake samun magani kafin ka gane wannan. Kusan rabin jama'ar ƙasar ta wurin aikinsu suke samun inshora: kamfani ya biya kaso mafi yawa, a cire sauran daga albashi. Masu shekara 65 zuwa sama suna ƙarƙashin Medicare na gwamnatin tarayya. Wani ɓangare na talakawa, musamman yara da masu ciki da naƙasassu, suna ƙarƙashin Medicaid, wanda tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa. Waɗanda suka rage, irin manomi da mai ƙaramin shago da direba mai zaman kansa, ko su sayi inshora da kansu ko su zauna babu. Waɗannan na ƙarshe dokar ta fi shafa. Ta faɗaɗa Medicaid ya kama duk babban da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, ta buɗe kasuwar inshora ta intanet da tallafin gwamnati, ta hana kamfanoni korar mai tsohuwar cuta. Mai inshorar wurin aiki, wanda shi ne mafi yawa, bai ga wani babban sauyi a katinsa ba. Shi ya sa duk lokacin da KFF ta tambaya ko dokar ta taimaki mutum da iyalinsa ko ta cuce su, fiye da rabi sukan ce ba ta shafe su ba. Wanda abu bai taɓa ba, daga bakin wanda ya yarda da shi yake ɗaukar ra'ayi.

Bakunan kuwa sun rabu tun ranar farko. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ranar 24 ga Disamba 2009 da ƙuri'a 60 da 39, Majalisar Wakilai kuma ranar 21 ga Maris 2010 da 219 da 212. Babu ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya goyi baya a zagayen ƙarshe. Medicare ba haka ya zo ba a 1965, shi ya samu ƙuri'u daga jam'iyyun biyu. Alhali ƙashin bayan dokar Obama daga jihar Masacusets aka kwaso shi, inda gwamna Mitt Romney, ɗan Rifablikan, ya sa wa irinta hannu a 2006. Amma da zarar an manna mata sunan shugaban ƙasa, sai ta zama tutar jam'iyya. A Satumbar 2013 tashar CNBC ta raba waɗanda ta tambaya gida biyu. Rabi aka tambaye su game da "Obamacare", kashi 46 suka ce ba sa so. Ɗaya rabin aka ambata musu sunanta na hukuma, Affordable Care Act, wato dokar kula da lafiya mai rangwame, sai masu ƙi suka zama kashi 37. Doka ɗaya ce. A farkon 2017 ma kamfanin Morning Consult ya samu cewa wajen kashi 35 ko dai suna zaton dokoki biyu ne, ko ba su tabbata ba. Akwai kuma batun launin fata, wanda bai kamata a tsallake shi ba: binciken Michael Tesler ya nuna cewa ra'ayin mutum game da baƙaƙen fata ya fi tasiri a matsayinsa kan gyaran lafiya a zamanin Obama fiye da yadda ya yi a zamanin shirin Bill Clinton na 1993.

Idan aka warware dokar aka tambayi mutane sashe-sashe, nan za ka ga abin mamaki. A Nuwambar 2016, bayan zaɓen Donald Trump wanda ya yi alkawarin soke ta, KFF ta yi hakan. Barin ɗa a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26: kashi 85 suna so. Gwaje-gwajen rigakafi ba tare da biyan ko sisi ba: sama da 80. Tallafin sayen inshora da faɗaɗa Medicaid: wajen 80 kowanne, har da mafi yawan 'yan Rifablikan. Hana korar mai tsohuwar cuta: wajen kashi 70. Sashe ɗaya ne ya faɗi warwas, shi ne tilasta wa kowa ya mallaki inshora ko ya biya tara. Kashi 35 kacal suka yarda da shi.

Wannan sashen da aka ƙi shi ne aka gina sauran a kansa. Ka ɗauki asusun taimakon juna na 'yan kasuwa, wanda ake zuba kuɗi duk wata domin a ɗauki nauyin wanda ya kwanta. Idan aka ce ba za a hana kowa shiga ba ko da yana kwance a asibiti, kuma ba dole ne mai lafiya ya shiga ba, wa zai zuba tun yana da lafiya? Kowa zai jira sai ciwo ya zo. Marasa lafiya su cika asusun, zubi ya tashi, masu lafiyar da suka rage su fice, zubi ya sake tashi. Masu tsara dokar sun girka ta kamar tukunya a kan murhu mai duwatsu uku: kamfani ya karɓi kowa, kowa ya shiga, gwamnati ta taimaki wanda ba zai iya biya ba. Jama'a sun so dutse biyu sun ƙi na uku. Tarar ta fara da dala 95 ko kashi 1 na kuɗin shiga a 2014, ta kai dala 695 ko kashi 2.5 a 2016, kuma hukumar haraji ke karɓa. Mutumin da ya duba farashi ya ga ya fi ƙarfinsa, sannan aka ci shi tara, ba zai manta ba. A ƙarshen 2017 majalisa ta mayar da tarar sifili daga 2019, kuma tukunyar ba ta kife ba kamar yadda masana da yawa suka yi hasashe. Tallafin ya fi tarar riƙe mutane. Ina ganin wannan kuskure ne na masana da ya kamata a faɗa a fili: sashen da ya fi jawo wa dokar baƙin jini bai kai muhimmancin da aka ba shi ba.

Jinkiri ma ya yi ɓarna. An sa hannu ranar 23 ga Maris 2010, amma manyan sassan sai 1 ga Janairun 2014 suka fara aiki. Kusan shekara huɗu ana muhawara kan abin da babu wanda ya taɓa da hannu. A irin wannan fili ne jita-jita ke yin saiwa. Mafi shahara ita ce ta "kwamitin mutuwa". A wani daftarin Majalisar Wakilai na 2009 akwai sashen da ya ce Medicare zai biya likita idan ya zauna da majiyyaci, da yardar majiyyacin, suka tattauna irin kulawar da yake so idan ajali ya matso: a sa shi a na'urar numfashi ko kada a sa, wa zai yanke shawara idan ya fita hayyacinsa. A Agustan 2009 Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska 'yar Rifablikan, ta rubuta a Facebook cewa za a kafa kwamitin ma'aikatan gwamnati da zai yanke wanda ya cancanci magani. Cikin makonni wajen kashi 30 na jama'a suka yarda. An cire sashen daga dokar gaba ɗaya, amma shekara biyar bayan haka kusan mutum huɗu cikin goma suna nan a kan cewa akwai kwamitin. Brendan Nyhan da abokan aikinsa sun gwada nuna wa mutane gyara, suka ga ya yi aiki a kan wasu, amma magoya bayan Palin masu bin siyasa sosai sai suka ƙara riƙe ƙaryar. Haka batun baƙin haure marasa takarda: dokar ta hana su tallafi, ta ma hana su saye a kasuwar da kuɗinsu, amma da yawa sun ci gaba da cewa da su ake ci.

Kada ka ɗauka duk ƙiyayyar jahilci ce. Wasu an cuce su da gaske, kuma gwamnati da bakinta ta ba su hujja. Obama ya sha maimaita cewa wanda yake son inshorarsa zai ci gaba da riƙe ta. A ƙarshen 2013 wasiƙun soke inshora suka fara isa gidaje, sama da miliyan 4 bisa lissafin kamfanin dillancin labarai na AP. Dalili shi ne dokar ta ce dole kowace inshorar da mutum ke saya da kansa ta ƙunshi rukunin hidima goma, ciki har da haihuwa, lafiyar ƙwaƙwalwa da magunguna, kuma ba a yarda a sa iyakar abin da kamfani zai biya a shekara ko a tsawon rai ba. Tsofaffin inshorori masu araha da ba su cika sharuɗɗan ba dole aka rufe su. Da yawa daga cikinsu ba su da wani amfani idan babban ciwo ya zo, amma mai ita bai san haka ba tunda bai taɓa kwanciya ba. Abin da ya sani shi ne an yi masa alkawari an saɓa. A daidai wannan lokacin aka buɗe HealthCare.gov, shafin tarayya na sayen inshora, ranar 1 ga Oktoba, ya ƙi aiki. Takardun cikin gida sun nuna mutum shida ne suka iya kammala rajista a ranar farko. An gyara shi, kuma zuwa Afrilun 2014 mutum miliyan 8 sun yi rajista, amma labarin farko ya riga ya zauna.

Sai tsadar 2017, wadda ta fi kowane abu nuna yadda tsiraru ke iya zama muryar kowa. Kamfanoni sun sa farashi ƙasa a shekarun farko saboda ba su san irin mutanen da za su shigo ba. Waɗanda suka shigo sun fi yadda aka zata rashin lafiya. Shirin wucin gadi da ke rage wa kamfanoni nauyin majiyyata masu tsada ya ƙare a 2016, wani shirin na raba asara kuma majalisa ta ɗaure kuɗinsa. Manyan kamfanoni irin UnitedHealth da Aetna suka janye daga jihohi da yawa. Farashin inshorar ma'auni, wadda da ita ake lissafa tallafi, ya tashi da wajen kashi 25 a jihohin da ke amfani da shafin tarayya, a Arizona ya ninka. Amma wajen kashi 85 na masu saye a kasuwar suna samun tallafi, kuma an tsara tallafin ne yadda mutum ba zai biya fiye da wani kaso na kuɗin shigarsa ba. Farashi ya tashi, tallafi ya tashi tare da shi, su ba su ji komai ba.

Wanda ya ji shi ne wanda ya wuce layi. Tallafin yana yankewa tsaf a ninki huɗu na ma'aunin talauci. Ɗauki mata da miji masu shekara 60, manoma, a 2017. Layinsu yana wajen dala 64,000 a shekara. Idan suna samun 63,000, abin da za su biya wa inshorar ma'auni bai kai kashi 10 na kuɗinsu ba, wajen dala 6,000. Idan suna samun 65,000, ba su da tallafin ko sisi, kuma tunda dokar ta yarda a caji tsoho har ninki uku na abin da ake cajin matashi, kuɗinsu na iya haura dala 18,000. Waɗannan mutane ba su da yawa a cikin al'ummar da ta haura miliyan 320, amma kukansu na gaskiya ne, suna zaɓe, suna zuwa taron ɗan majalisa, kuma suna da takarda a hannu da za su ɗaga.

Mai inshorar wurin aiki kuma ya ɗora wa dokar laifin da ba nata ba. Akwai kuɗin da majiyyaci ke fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin inshora ta karɓa. Matsakaicinsa ga ma'aikaci ɗaya ya tashi daga wajen dala 900 a 2010 zuwa kusan 1,500 a 2016. Tashin ya faro tun kafin dokar, don kamfanoni sun daɗe suna tura wa ma'aikata nauyi. Amma idan ka ce ka gyara harkar lafiya, duk abin da ya lalace bayan nan naka ne, har layin asibiti. Obama kuma ya yi alkawari a yaƙin zaɓen 2008 cewa iyali za su rage har dala 2,500 a shekara. Babu iyalin da ya ga kuɗinsa ya sauka haka.

Jihar Kentaki ta nuna ɗaya gefen a sarari. Gwamna Steve Beshear ya faɗaɗa Medicaid, ya buɗe kasuwar jihar da sunan Kynect, ba a ambaci Obama ko'ina ba. Bisa ƙididdigar kamfanin jin ra'ayi na Gallup, manya marasa inshora sun sauko daga wajen kashi 20 a 2013 zuwa ƙasa da 8 a 2015, ɗaya daga cikin mafi girman sauka a ƙasar. A Mayun 2014 ƙuri'ar NBC da Marist ta samu kashi 57 na masu zaɓe a jihar ba sa son Obamacare, amma kashi 22 ne kawai ba sa son Kynect. A 2015 suka zaɓi Matt Bevin gwamna, wanda ya yi alkawarin rushe Kynect. Matar da ta samu katin Medicaid, katin yana ɗauke da tambarin wani kamfani mai zaman kansa da jihar ta ba kwangila. Saurayi ɗan shekara 24 da ke kan inshorar mahaifinsa, a wurinsa alherin kamfanin mahaifin ne. Mai ciwon suga da aka karɓa ba tare da tambayar tarihin lafiyarsa ba, bai ga ƙofar da da za a rufe masa ba. A farkon 2017 wata ƙuri'ar NPR da Ipsos ta samu kusan rabin jama'a ne kawai suka san cewa marasa inshora sun ragu.

To, wane imani ne bincike ya gaskata? Cewa dokar za ta kashe ayyukan yi bai tabbata ba. An ji tsoron kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama za su rage wa mutane awoyi ƙasa da 30 a mako don guje wa ba su inshora. Wasu sun yi, amma alƙaluman ƙasa ba su nuna babban sauyi ba. Rahoton ofishin kasafi na majalisa na 2014 da aka yi ta yaɗawa cewa za a rasa ayyuka miliyan biyu, abin da ya ce shi ne mutane za su rage aiki da kansu, kamar ɗan shekara 62 da ya riƙe aiki don inshora kawai. Kariya daga bashin asibiti ta tabbata ƙwarai. A 2008 jihar Oregon ta raba guraben Medicaid ta hanyar ƙuri'ar sa'a, wanda ya ba masana damar kwatanta waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba. Bayan shekara biyu, waɗanda suka samu sun rage bashi, ciwon damuwa ya ragu, sun fi ganin likita. Amma ba a ga bambanci bayyananne a hawan jini ko kitsen jini ko sukari ba, kuma zuwa sashen gaggawa ƙaruwa ya yi da wajen kashi 40, akasin abin da magoya baya ke faɗa. Batun ceton rai daga baya ya fito, da aka samu bayanan mutane masu yawa. Sarah Miller da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa faɗaɗa Medicaid ya ceci wajen rai 19,000 na masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 55 zuwa 64 cikin shekara huɗu. Wannan amfani ne da ba wanda zai taɓa gani da ido, don wanda bai mutu ba bai san an cece shi ba.

Abin da ya juya ra'ayi a 2017 ba wayar da kai ba ne, barazanar rashi ce. Gallup ta samu kashi 42 na goyon baya a Nuwambar 2016, sai 55 a Afrilun 2017, kuma dokar ba ta canza ba a tsakani. Abin da ya canza shi ne tambayar. Da ana kwatanta dokar da wata doka mai kyau da kowa ke zanawa a ransa. Yanzu ana kwatanta ta da ƙudurin 'yan Rifablikan na maye gurbinta da ke kan tebur, wanda ofishin kasafi ya ce zai bar ƙarin mutum miliyan 24 babu inshora zuwa 2026. Jami'ar Quinnipiac ta samu kashi 17 kacal ke goyon bayan ƙudurin. Mutane suka fara tashi a tarukan 'yan majalisa suna faɗin cutar 'ya'yansu, kuma a lokacin ne da yawa suka gane cewa Medicaid ɗinsu daga wannan doka yake. Da tsakar daren 28 ga Yuli, John McCain ya bi Susan Collins da Lisa Murkowski, dukansu sanatocin Rifablikan, ya ce a'a, ƙudurin sokewa ya faɗi da 49 da 51.

Hujja mafi ƙarfi ba ta ƙuri'ar jin ra'ayi ba ce, ta akwatin zaɓe ce. Kotun Ƙoli a 2012 ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid ko ƙi, kuma jihohin Rifablikan da yawa suka ƙi, duk da cewa tarayya ke biyan duka a farko, daga baya kashi 90. Sai jama'a suka kai batun ƙuri'ar raba gardama. Maine ta amince a 2017, Aidaho da Nebraska da Yuta a 2018, Oklahoma da Mizuri a 2020, Dakota ta Kudu a 2022. Aidaho, inda Trump ya yi nasara da rata mai faɗi, wajen kashi 60 ta bayar. Masu kamfe a waɗannan jihohi sun kauce wa sunan Obama da gangan, suka yi maganar asibitocin karkara da ke rufewa da kuɗin harajin jihar da ke tafiya wasu jihohi. Yanzu jihohi 40 da birnin Washington sun faɗaɗa.

Idan za ka karanta irin waɗannan ƙuri'u nan gaba, nemi ainihin kalmomin tambayar kafin ka kalli adadi. Duba ko an ba mutum damar cewa bai sani ba, don idan ba a ba shi ba zai zaɓi abin da jam'iyyarsa ke faɗa. Duba ko an tambayi masu ƙi dalilinsu: CNN ta sha yin haka, ta samu cewa wajen ɗaya cikin goma na jama'a suna ƙin dokar ne don a ganinsu ba ta yi nisa ba, suna son gwamnati ta ɗauki nauyin kowa. Idan aka zuba su cikin "masu ƙi" sai a zaci masu son sokewa ne mafi rinjaye, alhali ba su taɓa zama haka a tsaye ba. Yawancin ƙuri'un mutum 1,000 zuwa 1,500 ake tambaya, kuskurensu yana wajen maki uku sama ko ƙasa, don haka motsin maki biyu daga wata zuwa wata ba labari ba ne. Kada kuma ka kwatanta adadin Gallup da na KFF kai tsaye, bi cibiya ɗaya tsawon shekaru. Sannan ka raba tambayar "ya shafe ka?" da "ya shafi ƙasa?", don mutum yakan ce shi lafiya lau yake amma ƙasa ta lalace, kuma amsa ta biyun daga talabijin ya samo ta.

Wannan ya shafe mu ta fuska ɗaya tak da zan ambata. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ita ma ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin Nijeriya, a ƙasar da sama da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihu yake fita. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗi duk wata yana ganin cirewar a takardar albashi, amma amfanin sai ranar da ya je asibiti, kuma idan ranar aka ce masa maganin ya ƙare ya je kyamis ya saya, ya gama yanke hukunci a kan tsarin gaba ɗaya.

A Amurka rigimar ta koma kan wancan layin na ninki huɗu. A 2021 gwamnatin Joe Biden ta ƙara tallafin ta kuma share layin na ɗan lokaci, ta yadda ba wanda zai biya fiye da kashi 8.5 na kuɗin shigarsa wa inshorar ma'auni. An tsawaita ƙarin a 2022 zuwa ƙarshen 2025. Masu rajista a kasuwar suka ninka, suka kai wajen miliyan 24, kuma mafi yawan ƙaruwar a jihohin da Trump ya ci ne, irin Texas da Florida. Taƙaddama kan sabunta wannan ƙarin ce ta zama jigon rufe gwamnatin tarayya da aka fara ranar 1 ga Oktoban 2025, kuma a ƙuri'ar KFF ta lokacin wajen kashi uku cikin huɗu na jama'a sun ce a sabunta, har da kaso mai yawa na 'yan Rifablikan.